Shekarun da muka ɗauki dutse a Adar

A 1984 wasu injiniyoyi a Amurka, cikinsu har da Anita Gale da Dick Edwards, suka ƙirƙiro wata gasa ta ɗaliban sakandare. Ana raba yara rukuni-rukuni kamar kamfanoni, a ce su tsara garin da dubban mutane za su zauna a kan wata ko a duniyar Mars, da ruwansa da abincinsa da iskar shaƙarsa. A wannan shekarar, mu a Tabotaki, cikin yankin Buza, tambayar nan ce ta same mu har gida, babu alƙali, babu kyauta.

Damina ta ƙi, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Ga iyakar Najeriya gwamnatin Buhari ta rufe ta, shi ya sa har gobe ake ce wa wannan yunwar El Buhari. Maza suka watse biɗa, aka bar gari da mata da tsofaffi da mu yara. A lokacin ne aka fara aikin Keita na farfaɗo da ƙasa, da kuɗin ƙasar Italiya, da ƙwararrun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM da ake biyan ma'aikata da shi. Muna jin labarinsa daga bakin ƴan kasuwa, sai a farkon shekarun 1990 ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak.

Kafin ya iso mun riga mun san abin da itace ke iya yi. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya, kuma duk wanda ya ratsa ta Garadume ya ga yadda geron bayan layukan ke tsayawa, na fili kuwa rairayi ya binne shi. Amma fakon tudu wani abu ne daban. Ƙasa ce ja mai ƙyalli, ruwan sama na zuba a kanta ya zarce kwari da gudu, ya tafi da gonakin mutane.

Ina saurayi na bi Inna wurin aikin. Mata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Mota ta zube duwatsu, su ɗauka a kan gammo, goyo a baya, su jera bisa layin da mai awo ya ja. Mu masu diga muna haƙa ramuka da rabin wata, bakin kowanne yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Digar kan buga ta dawo, hannu ya yi kanta ya fashe. Wata rana na ce, “Inna, wa zai ci dutse?” Ba ta ko sauke kayanta ba ta ce, “Kai dai jera. Ruwa muke wa tarko.”

Ruwan farko da ya sauka, gari ya hau tudu kallo. Kowane rami ya cika, ruwa ya kwana a wurin da bai taɓa yini ba. Aka dasa bagaruwa da dakwara. A gonaki muka koma tassa: ɗan rami, tafin taki, sai iri. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Cikin ƴan shekaru ciyawa ta rufe inda akuya ba ta ko tsayawa, rijiyoyin da ke kusa da madatsun da aikin ya gina suka daina ƙafewa da wuri, aka shiga noman albasa da rani.

Bayan na zama malamin makaranta, wani abokin aiki ya nuna mini labarin gasar nan ta Amurka a wayarsa. Na ba ɗalibaina irin aikin a allo. Suka zana gidaje cikin gilashi, da faranti masu kama hasken rana, da injin tatsar ruwa daga ƙanƙara. Wata yarinya ta ɗaga hannu: “Malam, kafin gonar ta nuna, me za su ci?” Ajin ya yi dariya, amma ita ta taɓo jijiyar. A jihar Arizona an rufe mutum 8 cikin ginin Biosphere 2 daga 1991 zuwa 1993 don su ciyar da kansu. Sun rame, iskar shaƙa ta ragu har sai da aka ƙara musu daga waje. Mu ma da ba don awon dawa da man girkin da Inna ke dawowa da su ba, da ba wanda zai iya ɗaga dutse. Garin da zai dogara da kansa, sai wani ya fara riƙe shi shekarun farko.

Akwai abu na biyu da babu a zanen yaran. Da motocin aikin suka janye, jerin duwatsun da ke cikin gonar mutum suka ci gaba da tsayuwa, domin mai gona na toshe ɓaraka kafin damina. Na filin kowa kuwa, inda ba a ɗora wa kowa kula ba, ruwa ya farfasa su, wasu itatuwan suka ƙare a murhu. Saboda haka na mai da wa yaran takardunsu, na ce kowane rukuni ya rubuta wanda zai gyara bango idan ya tsage, da wanda zai raba ruwa, da hukuncin wanda ya ɗiba fiye da rabonsa. A kan wannan suka fi daɗewa suna gardama, har aka kaɗa ƙararrawar tashi ba su daidaita ba.