Babban Faifai Da Ƙaramin Faifai A Dajin Zinariya

Duk wanda ke zama a majalisun samarinmu, daga Mai Wurno zuwa Gadarif har Kasala, ya san cewa tun wajejen shekarar 2010 hirar zinariya ta shiga cikin hirarrakin da ba sa ƙarewa. Da Kudancin Sudan ta ɓalle a 2011, ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasa, sai idon gwamnati da na talaka duk ya koma kan zinariya. Manomi ya jingine gona, mai shago ya rufe shago, aka nufi hamadar Abu Hamad da kasuwar Abidiyya da na'ura a kafaɗa. Mu ma muna cikin waɗanda suka je, mu shida ne a ƙungiyarmu, kuma tun da muka dawo babu tambayar da ƙannenmu suka fi yi mana kamar wannan: idan mutum ya sayi babban faifai, ashe ba zai jiyo zinariyar da ke can ƙasa wadda wasu suka wuce ba? To ga abin da muka sani, domin tambaya ce da ake sayar da awaki da tumaki a kanta.

Da farko dai, abin da muke kira faifai shi ne kewayayyen abin nan da ke ƙasan sandar na'ura, wanda ake shafa ƙasa da shi. Larabawa na ce masa ɗabak, sunan da suke kiran abin rufe abinci, mu kuwa muka ce faifai, ka ga ashe ido ɗaya muka kalle shi da shi. A cikinsa wayar jan ƙarfe ce aka naɗe kamar gammo. Wuta daga batir tana bi ta cikin wayar ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, ƙarfen ya mayar da amsa, faifan ya karɓa, na'ura ta yi kuka a kunnen mai riƙe da ita. Na'urorin da suka yi suna a dajinmu su ne na kamfanin Minelab na ƙasar Ostareliya, wato GPX 4500 ta 2008, da GPX 5000 ta 2010, sannan GPZ 7000 ta 2015. Faifan da aka saba gani a kan GPX mai inci 11 ne, kimanin santimita 28, amma a kasuwa ana samun mai inci 14, da mai 18, har da wanda ya fi haka.

Gaskiya ne babban faifai ya fi zurfi, wannan babu gardama. Sai dai zurfin nasa na babban curi ne kawai. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin da ƙaramin faifai ke tarawa wuri ɗaya, babba baza shi yake yi a fili mai faɗi. Saboda haka dunƙulen zinariya kamar ƙwan kaza da ke kwance can ƙasa zai amsa wa babban faifai, amma ɗan tsakin da bai fi ƙwayar dawa ba, sai babban faifai ya bi ta kansa shiru. Mun gwada wannan da hannunmu. Muka binne ɗan guntun da bai cika giram ɗaya ba a zurfin da bai wuce tsawon yatsa ba, mai inci 11 ya yi kuka sarai, mai inci 18 kuwa sai ɗan gunaguni wanda in mutum ya gaji ba zai ma kula ba. Ku tuna fa, galibin abin da ake samu a daji irin wannan tsakin ne. Shi ne ke biyan kuɗin ruwa da man mota da garin tuwo. Babban curi kuwa wani sai ya shekara yana yawo bai gamu da shi ba.

Abu na biyu, kada wani ya ɗauka in ya ninka faɗin faifai ya ninka zurfi ke nan. Amsar da ƙarfe ke mayarwa tana raguwa da sauri ƙwarai. A nisan da ya zarce faɗin faifan, in aka ninka nisa sau biyu, amsar kan ragu wajen sau 64. Shi ya sa duk ƙarin da babban faifai ke bayarwa taƙi ne da 'yan yatsu, a kan babban abu. Masu cewa na'urarsu na jiyo ɗan curi a zurfin gaba biyar ko goma, neman kasuwa suke yi. Curin nan da ya yi suna, wanda wani mutum ya samu da na'ura a jihar Biktoriya ta Ostareliya a 1980, nauyinsa ya haura kilo 27, amma wajen santimita 30 kacal yake a ƙarƙashin ƙasa.

Abu na uku shi ne ita ƙasar kanta. Inda zinariya take, sau da yawa ƙasar cike take da baƙin yashi da duwatsu masu sinadarin ƙarfe, kuma babban faifai ƙasa mai yawa yake haɗiya a lokaci guda, don haka hayaniyarsa ta fi yawa. A nan ne ake bambance irin faifai biyu. Akwai mai naɗi ɗaya da ake kira mono, wanda ƙarfinsa ke sauka kamar mazurari, da faɗi a sama da tsini a ƙasa. Ya fi zurfi, amma ya fi jin hayaniya, kuma dole kowace shafa ta hau kan rabin wadda ta gabace ta, in ba haka ba a bar wurare a can ƙasa da ba a taɓa ba. Akwai kuma DD, mai naɗi biyu kamar an ɓare goro an ɗora gefen ɓari ɗaya kan ɗaya. Wannan ya fi haƙuri da muguwar ƙasa, ko da yake zurfinsa bai cika kai na mono ba. Wanda bai iya daidaita na'urarsa da ƙasar wurin ba, babban faifai sai dai ya ƙara masa kukan ƙarya. Abin da ya faru a Jabal Maraga ya ishe mu misali. A watan Yuli na 2020 masu binciken kayan tarihi suka tarar an haƙa rami mai zurfin mita 17 da motocin haƙa, an lalata wurin tarihi na zamanin Marawi mai shekaru wajen dubu biyu, alhali dutsen wurin ne mai ƙarfe-ƙarfe yake sa na'ura kuka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai kuma jiki, wanda aka ce shi ne magayi. Babban faifai na da nauyi, ga shi a ƙarshen sanda, ga ranar hamada. Kafin azahar kafaɗa ta mutu, hannu ya fara ɗaga faifan sama da ƙasa, kuma duk yatsa ɗaya da faifai ya tashi daga ƙasa, yatsa ɗaya ne aka yi asara a zurfi. Ka ga ƙarin da aka saya da kuɗi mai yawa gajiya ta cinye shi. In kuma ya yi kuka, gane ainihin wurin da abin yake yana da wuya, sai a buɗe rami mai faɗi da zurfi. Mai diga da mai shebur su ne ke shan wannan wahala, wani lokaci a ƙarshe a tarar da kwanson harsashi ko gwangwanin da wani ya jefar.

To yaushe babban faifai ke da amfani? A wurin da muka ga ya biya kuɗinsa, fili ne shimfiɗaɗɗe, ba duwatsu da yawa, ƙasar ba ta da hayaniya, kuma an riga an san wurin ya taɓa ba da manyan curi. Tsarinmu shi ne a fara bin wuri da ƙaramin faifai a kwashe tsaki da tarkacen sama, domin ƙusa ɗaya a sama tana iya toshe amsar curin da ke ƙasa. Bayan nan sai a dawo da babba, a tafi a hankali kamar mai shara. Yana kuma da amfani wajen leƙa sabon fili mai faɗi, tun da shafa ɗaya tasa ta fi ta ƙarami cin wuri. Amma mun lura masu hali ba su dogara da faɗin faifai ba. Loda suke kawowa ta kankare ƙasar sama, a bi da faifai madaidaici, a sake kankarewa, a sake bi. Sun gane cewa kusantar zinariya ya fi sauƙi a kan kiranta daga nesa.

Saboda haka ya ku ƙannenmu, wanda ke da faifai mai inci 11 kuma ya san muryar na'urarsa, to ya riƙe shi da kyau, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ya yi niyyar ƙara babba, ya bari sai daji ya ba shi kuɗin, kada ya ɗauko daga gonar gado ko sadakin aure. Ya tabbata faifan ya dace da irin na'urarsa, ya kuma gwada shi a kan abin da ya binne da kansa kafin ya biya, domin jabun kaya sun daɗe da shiga wannan kasuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 kuwa, hanyar dajin ma kanta ta zama abin yi wa lissafi kafin a yi na faifai. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, Ya tsare waɗanda ke daji, Ya ba kowa halaliyarsa, amin.