Cutar da Ba Ta da Sunan Hausa

Darasin ƙirƙirar kalmomi ya fi shiga kaina ta dalilin faratana. A Azare aka haife ni, amma Hausa ba harshen gidanmu ba ce, shi ya sa nake kasa kunne ga kowace kalma. Da faratana suka yi ramuka, suka yi kauri, suna ɗagowa daga nama, wasu suka ce makero, wasu kirci. Akwai ma wadda ta ambaci kuturta, har aka ware mini kwano.

Likita ya kankari farcen aka auna, ya ce soriyasis ce. Garkuwar jiki ke sa fata saurin tsiro, kuma ba a ɗauka. Ya rubuta man shafawa, ya ce in riƙa rage farata, in daina jiƙa su da yawa, in kuma koma idan gaɓɓaina suka fara ciwo. Sai haƙuri, domin farcen hannu kan ɗauki wajen wata 6 kafin ya sabunta.

Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a yaƙi tsangwamar masu wannan cuta. 'Yan'uwana ɗalibai, muddin ba mu raɗa mata suna ba, da sunan kuturta za a ci gaba da kiran ta.