Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima: Ciyar Da Karfasa A Tankin Gilashi

Mu mutanen Maiduguri mun san kifi ƙwarai da gaske, amma fa mataccensa muka sani. Duk wanda ya taɓa ratsa Tashar Baga, ya ga kwalayen banda a jibge kamar dalar gyaɗa, ana lodinsu cikin manyan motoci zuwa Kano da Anaca da Ikko, ba zai yi mini musun wannan magana ba. Mun iya kama kifi, mun iya ƙyafe shi, mun iya cinikinsa. Abin da ba mu gada ba shi ne ciyar da shi, domin kuwa tun kaka da kakanni Tafkin Cadi ne ke ɗauke da wannan nauyi, ba tare da ya nemi ko anini daga hannun kowa ba.

To, zamani ya juya. Tafkin da a shekarar 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi har ya koma wajen kashi ɗaya bisa goma na hakan. Sa'an nan rikici ya biyo baya, aka kai wa Baga mummunan hari a watan Janairun 2015, hanya ta toshe, masunta da yawa suka kwararo cikin gari. Daga nan sai kifi ya fara shigowa gidajenmu da ransa, waɗansu suna kiwonsa don sayarwa a kwarmin siminti ko na tamfol, waɗansu kuwa don ƙawa, a cikin manyan tankunan gilashi irin waɗanda akan gani a otal-otal da falon masu hali. Ni kaina ina da irin wannan tanki mai cin lita 600, da karfasa goma sha biyu a ciki, kuma abin da idona ya gani game da ciyar da su shi nake so in bai wa mai karatu.

Karfasa, wadda waɗansu ke kira gargaza, tana cikin wani babban dangin kifi da masana ke kira siklid. 'Yan uwanta ne kifayen nan masu launin shuɗi da rawaya da ake kawowa daga Tafkin Malawi da na Tanganyika, inda ake da ɗaruruwan irinsu, haka kuma oska na kogin Amazon a Kudancin Amurka. Dukansu hali ɗaya gare su wajen cin abinci. Allah Ya yi musu waɗansu haƙora na biyu a can cikin maƙogwaro, da su suke niƙa abin da suka haɗiya, kuma yayin niƙan sai gari ya riƙa fita ta baki da ta kunnuwansu, ya watsu cikin ruwa. Ban da wannan, suna da son tonon yashi, har su binne abin da ya faɗa ƙasa. Ga su kuma da roƙo, da zarar sun hangi inuwar mutum sai su taso gaban gilashi suna buɗe baki kamar sun kwana uku ba su ci ba, alhali kuwa yanzu aka gama ba su.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan akuya ta rage dusa, sai a share, a zubar, shi ke nan. Amma kifi a cikin akushinsa yake kwana, a ciki yake numfashi, a ciki kuma yake bayan gida. Abincin da ya rage yakan ruɓe, ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da shi su shanye iskar oksijin da kifin ke bukata, sa'an nan su saki wata guba mai suna amoniya, wadda ke ƙona kunnuwan da kifi ke shaƙar iska da su. Ko abincin da ya shiga ciki ma, wajen kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku ne kawai na sinadarin naitirojin da ke cikinsa ke zama tsoka, sauran duk ruwa yake komawa. Gaskiya ne a cikin matacin ruwa akwai waɗansu bakteriya masu amfani da ke juya amoniya ta zama abu mai sauƙin illa, amma su ma aikinsu yana da iyaka, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Zafin garinmu kuma yana ƙara wa al'amarin tsanani. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, ruwa kuwa in ya yi ɗumi iskarsa raguwa take yi. Litar ruwa mai digiri 20 tana iya riƙe oksijin wajen miligiram 9, amma a digiri 30 bai fi 7 da rabi ba, ga shi kuma dafin amoniya ƙaruwa yake yi da zafi. Idan aka haɗa wannan da ɗaukewar lantarki, wanda ke tsayar da mataci da injin hura iska, to sai yadda hali ya yi. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu, gari ya yi wata da watanni cikin duhu. A bazarar wannan shekara wani maƙwabcina ya yi taron suna, baƙi da yara kowa ya zo sai ya barbaɗa wa kifayensa abinci don ya ga rububinsu. Da dare man janareta ya ƙare. Kafin kiran assalatu rabin kifayen sun juya ciki sama, sauran suna saman ruwa suna haki. Babu wanda ya nufe su da sharri, kara da karamci ne suka kashe su.

Saboda haka dokata ta farko ita ce awo. Babbar karfasa ba ta bukatar fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinta a yini, wadda ake ajiyewa don kallo ma kashi 1 ya ishe ta. Kifi goma sha biyu, kowanne giram 250, sun tashi kilo 3, watau abincinsu ba zai wuce giram 60 ba. A auna wannan sau ɗaya a sikeli, a sami gwangwani a yi masa alama, a raba abin gida biyu, safe da la'asar. Mutum ɗaya tak zai riƙa bayarwa, gwangwanin kuma a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ta biyu, kada a juye abincin gaba ɗaya. A riƙa jefawa kaɗan-kaɗan, sai sun cinye a ƙara, da zarar an ga rububi ya lafa sai a janye hannu ko da saura a gwangwani. Duk abin da ya wuce minti biyar yana yawo, a sa ƙaramar koma a kwashe shi. Nakan kashe famfon mataci a waɗannan mintoci don kada ya zuƙe abincin ya ruɓe a cikinsa, in kuma kunna nan take bayan an gama.

Ta uku, a zaɓi abinci mai tasowa saman ruwa, domin shi ne ido ke iya lissafawa, kuma ƙwayarsa ta zama ƙarama wadda kifi zai haɗiye ba tare da ya farfasa ba. Tsakin masara da dusa da ɓarɓashin burodi ba su dace da tankin gilashi ba. Guntun tiyo da aka lanƙwasa aka haɗa bakinsa ya zama zobe, in an ɗora shi a kan ruwa, yakan tsare abincin wuri guda, ya hana shi shiga bayan duwatsu.

Ta huɗu, a bi yanayi. Karfasa ta fi cin abinci a ruwa mai digiri 27 zuwa 30. Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, sai cinta ya ragu sosai, don haka a rage mata, a kuma jira hantsi ya dubi ludayi. Ranar da babu wuta, ko aka ga kifi na haki, kada a ba su komai, lafiyayyen babban kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu. Macen da ta ƙunshe ƙwanta a baki kuwa takan yi kusan mako biyu ba ta ci, kada a lissafa da ita.

Ta biyar, kowane mako a zuƙe dattin ƙasan tanki da tiyo, a canja kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan. A tankina lita 150 ke nan, wanda duk mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya san ba abin wasa ba ne. Sai dai wannan ruwa taki ne, zogale da yakuwar da ke bayan ɗakina da shi suke rayuwa. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, saboda sinadarin kulorin.

Na sha jin ana cewa wannan rowa ce, wai ina dalilin auna wa dabbar da ba ta da baki abinci kamar ana rabon fursuna. Amsata ita ce, wanda ya raba kifi da tafki ya sa shi a gilashi, ya ɗauki amanar ruwan gaba ɗaya, ba ta cikin kifin kaɗai ba. Masu kiwo don kasuwa kuwa su tuna abinci ne ke cinye fiye da rabin jarinsu, duk ƙwayar da ta nutse ta ruɓe sun biya kuɗinta sau biyu, na saye da na ruwan wankewa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman sashen nazarin kifi na Jami'ar Maiduguri, domin sani ya fi zato. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka ajiye, amin.