Gatari a Dingyadi, Injin Zarto a Jamus

Ranar da na gaya wa kawuna ta waya cewa zan shiga makarantar kwana biyu don a koya mini saran icce, shiru ya yi har na zaci layin ya katse. Can sai ya ce, "Wagga wace irin ƙasa ta, ɗana? Icce ma sai da takarda?" Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya haura shekara hamsin yana faskare a Dingyadi ta ƙasar Sakkwato, bai taɓa neman izinin kowa ba sai na ƙugunsa, dole abin ya zo masa banbaraƙwai.

Ina zaune ne a wani ƙauye na jihar Baden-Württemberg da ke kudancin Jamus, ba nisa da garin Waiblingen, hedikwatar kamfanin Stihl, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926. Injin yankan iccen nan mai ruwan lemo da fari da ake gani a hannun masu yankan katako a Nijeriya, asalinsa daga nan ne. A 2022, da yaƙin Yukiren ya sa iskar gas ta yi tashin gwauron zabo, jama'a da yawa suka koma wa murhun icce don ɗumama ɗakuna, ni ma na bi sahu. Sai na tarar ba a shiga dajin hukuma da inji haka kawai. Sai ka nuna shaidar ka koyi riƙe shi, ka biya kuɗin iccen, sannan ma'aikacin gandun daji ya nuna maka rabonka. Bishiyar da za a sare ya riga ya shafa mata fenti. Wadda babu fenti a jikinta, ko ta fi kowacce kyau, kallo ne naka.

Malamin da ya koyar da mu dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai bari mun taɓa injin ba sai da ya ɗauko wani tsohon wando ya shimfiɗa a kan kututture, ya tayar da inji ya dafa masa sarƙar. Kafin ƙiftawar ido injin ya shaƙe ya tsaya, wasu fararen zaruruwa sun cika masa baki. Aikin wandon ke nan: a cikinsa akwai zare mai tsawo da ke warwarewa ya naɗe sarƙar kafin ta kai ga tsoka. Sai na tuna wani mai inji da na gani a wata gona tsakanin Bodinga da Shagari, daga shi sai singileti da silifas, ya ɗaga injin sama da kafaɗarsa yana datse reshe, yara sun kewaye shi suna kallo. Allah ne kawai ke tsarewa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe mutane da raunata su, in ji malamin, shi ne tsinin injin. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, wanda Jamusawa ke kira takobi, idan saman bakinsa ya taɓa icce ko wani abu mai tauri, injin yakan yi tsalle ya dawo wa mai shi a fuska, kuma ba hannun da ke da saurin tare shi. Don haka ba a yanka da tsini, ba a yanka sama da kafaɗa, hannu biyu ake riƙewa, babban yatsa ya zagaye mariƙin gaba. Idan za ka taka daga wuri zuwa wuri, ka danna birkin sarƙa. Wajen kayar da bishiya kuwa, ana fara cire ɗan ɓangare a gefen da ake so ta faɗi, sannan a koma baya a yanka, a bar wani siririn sashe a tsakiya, kimanin kashi ɗaya cikin goma na kaurinta. Shi ne linzamin bishiyar. Wanda ya yanke shi gaba ɗaya ya sakar wa iska ragama. Kuma kada kowa ya tsaya kusa, sai ya ba da tazarar tsawon bishiyar sau biyu.

Akwai kuma abin da ke kashe injin kansa, kuma a nan ne masu injinmu ke tafka asara. Irin wannan inji ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya da mansa na musamman, kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5. A gida na sha ganin ana zubawa da ka, ko a sa baƙin man mota, bayan wata biyu a ce injin jabu ne. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga yashin da ke maƙale a ɓawon itatuwanmu yana cinye kaifin sarƙa. Gane dakusasshiyar sarƙa ba wuya: mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, dakusasshiya kuwa gari kamar na tuwo. Da ka ga gari, tsaya ka ɗauko magagari. Danna injin da ƙarfi ba ya ƙara masa ci, sai dai ya gajiyar da kai, gajiya kuwa ita ce uwar tsautsayi.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki bai shafi inji ba. Maƙwabcina yakan ja 'yar tirelarsa da tsohuwar tarakta ya kwaso icce a ƙarshen sanyi, ya faskara, ya jera shi reras a jikin bango, bisa katako don kada ya taɓa ƙasa, ya rufe samansa kaɗai ya bar gefe iska na ratsawa. Na tambaye shi ko na baɗi ne. Ya ce a'a, na baɗi waccan. Ɗanyen icce kusan rabinsa ruwa ne, kuma masu tauri irin na dajinsu sukan ɗauki shekara biyu kafin su bushe. Dokar ƙasar ma ta hana ƙona iccen da damshinsa ya wuce kashi 25 cikin 100. Akwai mai sharar bututun hayaƙi da ke zuwa gida-gida cikin baƙaƙen kaya, har yakan soka wa iccenka wani ɗan ma'auni mai allura biyu. Dalili shi ne ɗanyen icce yana tara kwalta a bututu, wata rana ta kama da wuta ta cinye gida.

A nan mun fi su sa'a. Ranar Sakkwato ta watan Maris da Afrilu tana yi wa icce cikin makonni abin da tasu ke yi a shekara. Sai dai ba mu cika cin moriyarta ba. Duk damina iyayenmu mata na durƙushe gaban murhu suna hura jiƙaƙƙen icce, ido na hawaye, ƙirji na tari, alhali da an tara shi tun bazara, an ɗora bisa duwatsu saboda gara, an rufe samansa, da an huta. Na san ba kowa ke da halin sayen na wata uku a lokaci guda ba. Bajamushe yana ƙona icce ne don ɗumi na 'yan watanni, mu kuwa da shi ake dafa tuwon kullum, gas da kananzir sun fi ƙarfin talaka. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, kuma duk mai yi mana wa'azin sare itatuwa daga ɗaki mai sanyi ya kamata ya tuna da shi.

Su ma ba da wannan tsari aka haife su ba. Sun taɓa cinye dazuzzukansu. A 1713 ne wani jami'in haƙar ma'adinai a yankin Saksoni, Hans Carl von Carlowitz, ya rubuta littafi yana gargaɗin kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa, don ya ga narka azurfa na neman ƙarar da icce. Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar daji ne.

Mu tamu dokar a jikin gatari take. Kafin mutum ya kayar da babbar ƙirya ko marke sai ya yini, hannu ya yi kanta, don haka sai ya gwammace ya sassabe reshe, ya haɗa da sabara da geza da kara, ya ɗora wa jaki. Gawo kuwa ba mai hankalin da ke taɓa gindinsa, tunda yana kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani ya ba dabbobi 'ya'ya da inuwa. Inji ya zo ya share wannan wahalar, bai zo da komai a madadinta ba. Bishiyar da ta shekara tamanin, kafin a kira la'asar ta zama lodin a-kori-kura.

Ba sai mun je Turai neman magani ba. A Maradi, tun 1983, manoma tare da wani Ba'ostireliya, Tony Rinaudo, suka fara abin da suke kira sassabin zamani: a bar tohon kututture a gona, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a rage sauran. Da wuƙa da lauje kawai gonakin Nijar masu ɗimbin yawa suka sake yin itatuwa, kuma rassan da ake ragewa su ne makamashin gida.

Roƙona ga hakimai da masu unguwanni na Bodinga da Shagari shi ne kada a bar inji ya hau gindin gawo, tsamiya ko ɗorawa sai mai gari ya je ya gani da idonsa. Kai kuma da za ka shiga ɗaki da kaskon garwashi a hunturun bana, ka bar taga a buɗe, ka fitar da shi waje kafin barci ya ɗauke ka. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.