Na'ura Mai Amsa Tambaya a Ajinmu

Ya 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ɗakunan kwananmu. Gardamar kuwa a kan abin nan ne da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da mutum zai rubuta wa tambaya ta ba shi amsa nan take. Wasu sun ce ta zo ta sallami malamai, nan gaba kaɗan ba sauran zuwa aji. Wasu kuma sun ce ba kome ba ce illa sabuwar hanyar satar amsa. Ni dai ban goyi bayan ko ɗaya ba, kuma zan faɗi dalilina daga abin da idona ya gani a ajinmu.

Da farko bari in ɗan yi bayani saboda ƙannenmu na ƙananan azuzuwa. A watan Nuwamba na 2022 ne wani kamfani a Amurka mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, daga nan wasu kamfanoni suka fito da nasu. Yadda irin waɗannan na'urori suke aiki shi ne, an ɗura musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Saboda haka maganarsu takan fito sumul, ko gaskiya ce ko ba gaskiya ba. Kuma mafi yawan abin da aka ɗura musu da Ingilishi yake, na Hausa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Ba mu kaɗai abin ya ruɗa ba. A watan Janairu na 2023 hukumar makarantun birnin New York ta hana amfani da ChatGPT a kwamfutocin makarantunta, amma kafin watan Mayu ya ƙare ta janye hanin. A Satumba na shekarar kuma hukumar UNESCO ta ba da shawara kada a bar yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da irinta a aji. Mu nan dokarmu ta daɗe: ɗan makarantar kwana ba ya riƙe waya, wanda aka kama kuwa ya san sauran. To amma doka ba ta bin mutum gida hutu.

Da muka dawo daga hutun da ya wuce, malamarmu ta Ingilishi ta karɓi aikin da ta ba mu, wato kowa ya rubuta labarin ranar kasuwar garinsu. Sai ga takardu da yawa sun zo kamar tagwaye, Ingilishi tsaf ba kuskure, amma ba tsire, ba dillalan awaki, ba ƙurar motocin ƙauye. Kasuwa ce da ba ta kowane gari. Malama ba ta yi faɗa ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo rubutu sai ya miƙe a gaban aji ta yi masa tambaya uku a kan abin da ya rubuta. Wani da ya sa wata doguwar kalma sau huɗu aka ce ya faɗi ma'anarta, sai ya shiga kallon rufi. Mun yi dariya, amma daga baya na ji tausayinsa, don yaro ne mai ƙoƙari wanda da ya rubuta da kansa da ya fi haka.

Amma darasin da ya fi tsaya mini a rai na malaminmu na labarin ƙasa ne. Wata safiya a tsakiyar watan Mayu ya shigo aji da wayarsa da wata sanda mai tsawon mita ɗaya. Ya ce jiya ya tambayi wata manhaja ina inuwar mutum take fuskanta da tsakar rana a rabin duniya na arewa. Ya rubuta amsarta a allo: arewa take fuskanta, domin rana tana kudu. Ya ce wa ya yarda? Duk muka ɗaga hannu, har da monita. Ai na'ura ce ta faɗa, kuma mu a arewacin ikwaita muke.

Sai ya ce mu fita filin ƙwallo. Muka kafa sandar, muka rataya dutse da zare a jikinta don mu tabbata ta miƙe sak, muka ja layin arewa da kudu da kamfas. Bayan kowane minti goma wani ya sa tsakuwa a bakin inuwar. Rana tana dukanmu, wasu har sun fara guna-guni. Inuwar ta yi ta raguwa, har ƙarfe sha biyu ta wuce da kimanin minti ashirin, sannan ta kai iyakar gajartarta, ba ta ko kai taƙi ɗaya ba. Jama'a, kudu take fuskanta! Aka yi tsit. Wani ya ce kamfas ɗin ne ya lalace, aka kawo wani, maganar dai ɗaya ce.

A nan, muna tsaye cikin rana, Malam ya yi bayani. Garinmu yana wajen digiri 12 arewa da ikwaita. Rana kuwa takan yi ta matsawa arewa har ta kai digiri 23 da rabi wajen 21 ga Yuni, sannan ta juyo. Ke nan daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta tana arewa da mu, inuwarmu ta koma kudu. Mutumin Ingila bai taɓa ganin haka a ƙasarsa ba, don rana ba ta taɓa wucewa ta kansa. Tun da galibin rubutun da na'urar ta koya daga irin waɗannan ƙasashe ya fito, sai ta ba mu amsar da ta dace da su. Baba mai gadi yana gefe yana jinmu, ya ce shi ya daɗe da sanin haka, don da inuwar katanga yake gane azahar ta yi.

Kada a ce na zalunci na'urar. Da muka koma aji Malam ya sake tambayarta a gabanmu, wannan karon ya gaya mata inda muke da watan da ake ciki, sai ta kawo bayani daidai, har ta ƙara da abin da ba ya cikin littafinmu. Ashe wani sashe na laifin yana wurin tambayar. Yanzu muna da wani wasa duk ranar Alhamis da muka sa wa suna kama ɓarawo. Malam ya rubuta amsar na'ura a allo, mu rabu rukuni-rukuni da taswira da littattafan laburare, mu nemo inda ta zame. Wani makon a kama, wani makon a gama bincike a tarar ba kuskure ko ɗaya. Ko ta yaya aka tashi, an buɗe littafi fiye da yadda aka saba.

Irin wannan ne aka gwada a jihar Edo a 2024, tare da Bankin Duniya. Aka yi mako shida ɗaliban sakandare suna koyon Ingilishi da na'urar bayan an tashi daga makaranta, malami yana tsaye a kansu, kuma a jarrabawa sun fi 'yan'uwansu da ba su shiga ba. Abin lura a nan, ba a cire malami ba.

Da girmamawa nake cewa, darasin da nake ji wa tsoro shi ne wanda za a shigo a cika allo da rubutu, mu kwafe, mu haddace, mu mayar ranar jarrabawa. Wannan aikin na'ura ta fi mu iyawa nesa ba kusa ba, kuma shi ne yake sa yaro ya ga ba laifi in ya bar mata. Amma ba ta iya tsayawa a rana ta auna inuwa, ba ta kuma san kasuwar garinku ba.

Akwai wani abu kuma da yake damuna. A ajinmu wasu suna komawa gidan da ke da waya da kuɗin data, wasu kuwa ƙauyensu ko wutar lantarki babu. In aka bar abin ga hutu kawai, na farko za su ƙware, na biyu su zo jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, hannunsu yana rawa. Shi ya sa nake roƙon hukumar makaranta, in da hali, a riƙa buɗe mana ɗakin kwamfuta ko da sau ɗaya a mako lokacin firef, malami yana tare da mu, kowa ya samu rabonsa.

Malam ya riga ya ba mu aikin dogon hutu. Kowa zai kafa sanda a gidansu daga tsakiyar Agusta, ya rubuta ranar da inuwa ta ɓace ƙarƙashinta da tsakar rana. Ya ce 'yan wajen Katsina za su riga 'yan Kano da kimanin kwana uku, 'yan Kano kuma su riga 'yan Zariya da kamar haka, in mun dawo mu haɗa ranakun a taswira. Duk ɗalibin wani aji da yake so ya shiga, ya same ni a laburare in nuna masa yadda ake rataya zaren. Sai dai a fara tun da wuri, a kuma auna kullum, don Agusta watan hadari ne, wata rana ba za a ga ranar ba sam.