Mangwaron Cikin Gwangwani

Sa'ad da kwamitin wannan littafin shekara ya aiko mana da takarda cewa mu rubuta wani abu domin ɗalibai, mun yi kwana uku ba mu sami abin faɗa ba. Rana ta huɗu muna zaune a bayan gida da la'asar, sai ga 'yan aji ɗaya su biyu sun leƙo ta kan darni suna kallon mangwaronmu. Muka kira su, muka ba kowannensu guda ɗaya. Ƙaramin ya dube mu ya ce, "Malam, ashe nan ne garinku?" Muka yi dariya muka sallame su, amma tambayar ta bi mu har wurin kwana. Amsarta ce za mu ba ku a nan.

Bayan mun gama Kwalejin Horon Malamai ta Gidan Waya, an tura mu koyarwa a makarantun firamare na ƙauyukan Birnin Gwari. Inda muka fi daɗewa shi ne Gwaska. Gwaska kuwa sunan wani itace ne mai dafi, wanda mutanen dā sukan jiƙa ɓawonsa su ba wanda ake tuhuma ya sha don rantsuwa. Amma mu dai mun yi shekaru a garin ba mu ɗanɗani ɗaci ba. Mutanen gari Musulmi ne, mu Kirista, ba wanda ya taɓa nuna mana bambanci. Da kaka har sai mun rasa wurin ajiye damman dawa da iyayen yara ke aiko mana. Daji kuwa abokin zama ne: ga doka da maje, ga kaɗanya da ɗorawa, ga zuma. Mukan koya wa yara cewa wani yanki na dajin ƙasarsu, wato Kamuku, an keɓe shi tun 1936, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa baki ɗaya. Da alfahari muke faɗa, da alfahari suke rubutawa.

Da yake babu majami'a kusa da mu, mun saba shigowa Birnin Gwari ran Asabar mu kwana a gidan wanmu, mu yi sujada ran Lahadi mu koma. Haka muka yi ranar Asabar, 5 ga Mayu, 2018. Mun fito da sassafe, mu da uwargida da yara uku, ba mu riƙe kome ba sai kayan sawa na kwana ɗaya da ƙaramin buhun mangwaro na tsaraba daga itacen ƙofar gidanmu. A ranar 'yan bindiga suka faɗa wa Gwaska. Aka kashe mutum aƙalla 45, aka ƙone gidaje. Cikin waɗanda suka mutu akwai iyayen ɗalibanmu, akwai waɗanda muka ci tuwo a akushi ɗaya da su. Ba za mu tsawaita a kan wannan ba. Ba mu koma ba.

Wata huɗu muka yi cunkushe a ɗaki ɗaya. Zumuntar mata ta kawo tukwane da tabarmi, dattawan ikkilisiya suka yi ta cigiyar aiki dominmu. A watan Satumba wannan makaranta ta ɗauke mu mu koyar da kimiyyar noma a ƙaramar sakandare, aka kuma ba mu gida a layin malamai, ɗaki biyu da falo da fili a baya. Kowa ya ce mana barka, Allah ya share mana hawaye. Mu ma mun yi godiya. Amma samun gida daban, zama a cikinsa daban.

Aikin ma bai zo mana da sauƙi ba. A firamare aji ɗaya muke riƙewa tun safe har tashi. Mun san kowane yaro, mun san gonar ubansa, mun san wanda ya zo bai karya kumallo ba. A nan kuwa kowane minti arba'in ƙararrawa ta kore mu zuwa wani aji, fuskoki sun fi ɗari biyu, ga shirin darasi da za a miƙa kowace Litinin. Wata rana muna rubutu a allo sai salansar wani babur ta yi ƙara a bakin titi. Alli ya suɓuce daga hannunmu, muka iske kanmu a durƙushe bayan tebur. Aji ya fashe da dariya. Ba mu ga laifinsu ba, gama ba su sani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A gida ma haka. Kayan da aka tara mana suna cikin jakunkunan bakko a jere bakin ƙofa, ba mu kwance ba. Ko ƙusa ɗaya ba mu buga a bango ba, kalandar ikkilisiya tana naɗe a kan taga. Filin baya ya zama na tofa da ƙarangiya. Zuciya ta rabu biyu: rabi na cewa gobe za a koma Gwaska, rabi na cewa gobe za a sāke gudu. Mai jiran gobe irin wannan ba ya ɗaukar fartanya.

Mutum ɗaya ne a gidan bai jira ba, wato autarmu, tana da shekara shida a lokacin. Tun muna gidan wanmu ta ɗauki ƙwallon mangwaro ɗaya daga cikin tsarabar nan ta binne a babban gwangwanin madara, tana zuba masa ruwa safe da yamma. Ya kuwa tsiro. Ranar ƙaura ita ta rungumo shi a ƙirjinta. Duk mako sai ta ce, "Baba, yaushe za mu dasa?" Mu kuma mu ce, "Bari tukuna."

A zango na biyu muna koya wa 'yan aji biyu yadda ake dashe, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don me bayan gidanku babu ko barkono?" Kunya ta rufe mu. Asabar ɗin nan muka ari garma muka shiga filin. Ƙasar ja ce mai tsakuwa, ga gara, ga awakin maƙwabta. Irin farko da muka yafa ko rabi bai fito ba.

Wanda ya cece mu shi ne Baba maigadi, dattijo Musulmi wanda bai taɓa zama a aji ba. Shi ya nuna mana mu tara kashin awaki mu bar shi ya ruɓe kafin mu zuba, don ɗanye yakan ƙona shuka. Shi ya ce mu riƙa barbaɗa toka saboda gara, mu kewaye wurin da darnin karan dawa, kada kuma mu yi dashe sai rana ta yi sanyi. Mu da takardar shaidar malanta muka zama almajirai. Kafin Ista muna cin alayyahunmu, kuɓewa kuma ta fara fure.

Wata rana da yamma Baba ya zagaya lambun, hannu a baya, ya tsaya ya ce, "Malam, lambunka ya yi kyau, amma lambun baƙo ne. Alayyahu wata ɗaya, kuɓewa wata biyu. Ban ga abin da zai kai baɗi ba." Sa'an nan ya ɗaga gwangwanin auta. Gindin ya yi tsatsa, saiwa ta huda ta fito tana neman ƙasa, ganyen ya yi rawaya. Ya ce, "Wannan kuma, ko ka ba shi ƙasa ko ka bar shi ya mutu. Gwangwani ba gari ba ne."

Ba a daɗe ba fasto ya yi wa'azi daga Littafin Irmiya sura 29, wasiƙar da annabi ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. Su ma suna zaman jiran komawa yau ko gobe, alhali shekara saba'in ce a gabansu. Shawarar da aka ba su ita ce su daina zaman baƙunci, su kafu, su yi noma, su roƙa wa birnin da suke ciki alheri. Muka dawo gida ba mai magana. Da dare muka faɗa wa uwargida abin da ke ranmu tun tuni: muna ganin in muka dasa itacen nan, mun yarda ke nan cewa Gwaska ta wuce, kamar mun juya wa matattunmu baya. Ta yi shiru, can ta ce, "Baban yara, abin da ya rage mana na Gwaska shi ne cikin gwangwanin nan. In ya bushe a hannunmu, wa muka girmama?"

A watan Yuni 2019, bayan ruwa ya zauna, muka haƙa rami mai zurfin gwiwa, muka cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Da wuƙa muka tsaga gwangwanin. Saiwar ta nannaɗe kanta kamar gammo, dole muka datse wani sashi don ta miƙe. Auta ta sa shi a rami da hannunta, muka kifa masa tsohon kwando saboda awaki. Kwana biyar yana langaɓe, ganye uku suka zube, yarinya ta yi kuka ta ce mun kashe shi. Baba ya ce a ƙyale shi, aiki yake yi a ƙasa inda ido ba ya gani. Cikin mako na uku sai ga sabon toho ja wur a kansa. A daren nan muka nemo ƙusa muka rataye kalanda, uwargida ta kwance jakunkuna.

Kada wani ya ɗauka wahala ta ƙare daga ranar. Hanyar Kaduna ta yi shekaru tana cin mutane. A 2021 aka dakatar da kasuwannin mako-mako a ƙasar Birnin Gwari, aka kuma katse layukan waya har na makonni saboda tsaro. Kayan miya suka yi wuya. Lokacin nan lambun ya riga ya sami zogale da gwanda da yakuwa da tattasai, ya kuwa ciyar da gidaje da dama a layinmu da bayan katanga, ba a tambayi kowa inda yake sujada ba. Mu da aka kawo wa tukunya, ga mu muna cika ta wani. A aji kuma mun koyi sunayen yara ɗaya bayan ɗaya, yawanci a bakin kunya, gama daga filin nan ne ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu ta samo irinta na farko.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, wadda ta yi shekaru a rufe, bayan sulhun da aka ƙulla. Muna addu'a Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa. Mangwaro kuwa, da yake daga ƙwallo ya tashi ba aure aka yi masa ba, sai da ya shekara bakwai. A 2025 ya yi 'ya'yan fari, ba su fi cikin kwano biyu ba. Na farko muka kai wa Baba, wanda tsufa ya riga ya zaunar da shi a gida. Sauran muka kai wa wasu mata 'yan Gwaska da ke zaune a cikin gari. Wata tsohuwa ta gatsa, ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta ce, "Na ƙofar gidan Malam ne." Ta roƙi a bar mata ƙwallon.

Ya ku 'yan aji ɗaya, mun ga waɗansunku suna kuka a makon farko, akwati a kulle, ana ƙirga kwanakin hutu. Ba abin kunya ba ne, kowane dashe yakan langaɓe. Amma ku buɗe akwatin, ku yi aboki, ku karɓi kunya ɗaya a gonar makaranta. Ku kuma 'yan aji shida, ga shi za a cire ku daga nan a kai ku wata ƙasa. Duk inda Ubangiji ya sauke ku, ko da kuna tsammanin zaman na ɗan lokaci ne, ku shuka abin da zai kai baɗi. In ba ku ci ba, wani zai ci ya sa muku albarka.

Ga yaron da ya yi tambaya kuma, ga amsarka. Ba a nan aka haife mu ba, ba kuwa za mu manta da Gwaska ba muddin muna da rai. Amma ka zo bayan gida ka gwada tumɓuke mangwaron nan, sa'an nan ka gaya mana ko ɗan ina ne.