Abin da Ya Ci Birnin Yauri

Duk wanda ya zaga tsohuwar ganuwar Birnin Yauri ya san ba ƙaramar sarauta ta gina ta ba. Ni kuwa aikin ofis yakan kai ni can, in na ga gonaki a inda dā gidaje su ke, sai in tambayi dattawa, wane abokin gaba ne ya ci garin nan? Ba su taɓa fara ambata mini baƙo ba, sunayen 'ya'yan sarki su ke fara kawowa.

Ga yadda abin ya ke. Zamanin jihadi Sarki Muhammadu Albishir Ɗan A'i ya yi dabara, ya ƙulla amana da jama'ar Shehu Usmanu, ƙasarsa ta tsira, sarauta ta zauna a gidansu. Har cikin shekara ta 1830, da Turawan nan biyu, Landa da ƙanensa, suka sauka neman takardun Mungo Park, sun tarad da babban birni cike da mutane.

Bayan Ɗan A'i sai 'yan sarki suka shiga yaƙin basasa, wannan ya hau, wancan ya tuɓe shi. Abin da ya fi muni, wanda ya ga an fi ƙarfinsa sai ya nemi gudunmawa daga waje. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Umaru Nagwamatse ya shigo da sunan taimako, ya kafa Kwantagora wajen 1864, ƙasar gabas da talakawanta masu biyan gandu suka koma hannunsa. Sarauta ta rasa wurin zama, har ta fake cikin gungun Kwara, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunad da ita a Yelwa.

Kada mai karatu ya zaci ƙananan ƙasashe kaɗai wannan cuta ke kamawa. Akwai wasu mahaya dawaki na gabas mai nisa, Mangolawa, waɗanda littattafan Larabci ke kira Tatar. Sarkinsu Jankiz Han ya mutu a 1227, zuriyarsa suka mallaki ƙasa tun daga Sin har Rasha. Jikansa Hulaku ya ci Bagadaza a 1258, ya kashe Halifa. Malamai sukan ce rundunar Masar ce ta karya su a Ainu Jalut cikin 1260. Gaskiya ne an kore su ran nan, amma ni a ganina karayar ta riga ta faru a gida. Babban sarkinsu, wan Hulaku, ya mutu a 1259, 'yan'uwansa biyu suka kama yaƙi a kan gado. Hulaku ya janye yawancin mayaƙansa daga Sham, watau kaɗan ya bari, su ne Masarawa suka gamu da su. Bai sami damar ɗaukar fansa ba, gama a 1262 ɗan'uwansa Barka, wanda ya musulunta, ya taso masa daga arewa.

Daga nan mulkin ya rabu huɗu, kowane na dakon ɗan'uwansa ya yi rauni. Na Sin ya kai 1368, sa'an nan talakawan ƙasar suka yi tawaye, suka kore su zuwa dajin da kakanninsu suka fito.